Sabuwar Kunama a Bindigar Yaya Sale

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku sha shayinku kafin ya huce. Na ga bidiyon, na kuma ji abin da mutumin ya ce: ka fitar da ƙusa biyu, ka zare tsohuwa, ka sa sabuwa, ka mayar da ƙusa biyu, halas, shi ke nan. Ba ƙarya ya yi muku ba, ƙusoshin biyu ne. Sai dai bai nuna muku abin da ya yi bayan ya kashe kyamara ba, kuma a nan sana'ar take.

Ku zinad kuka sani, sunanta na Larabci. Mu a gida kunama muke ce mata, yadda kakanninmu suka zo da sunan daga ƙasar Hausa: ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da yatsa ke ja bindiga ta tashi. Wanda ya raɗa mata sunan ya san abin da yake faɗa, don ƙarama ce, kuma ba a wasa da harbinta. A bindiga mai sakata, wadda Larabawa ke ce wa tirbas, da ka tura sakatar ka kwantar da ita, allurar da ke bugun harsashi ta ɗame a ciki tana jira. Abin da ke riƙe da ita wani ɗan leɓen ƙarfe ne da bai fi kaurin farcenka ba. Kunama ce ke janye leɓen. Idan ya kama da yawa, kunama ta yi tauri. Idan ya kama kaɗan, bindiga ta tashi ba da izinin kowa ba. Tsakanin waɗannan biyu na ci abincina tun ina saurayi har furfura ta cika mini haɓa.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Mu'allim Bukar, a unguwar Anbariyya, ba bindiga ba ne. Rishon wata tsohuwa ne ya toshe. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa, ya ce masa, "Ga Isa nan. Makaranta ta ƙi shi, a gani ko ƙarfe zai karɓe shi." Mu'allim Bukar Babarbare ne ta wajen uba, a Sudan aka haife shi iyayensa na kan hanyar Hajji, saboda haka Hausarsa da Larabcinsa a gauraye suke fita. Yana gyaran risho da kwaɗo da keken ɗinki, sannan can ciki, bayan wani labule, akwai teburin bindigogi. Na daɗe ban leƙa bayan labulen nan ba. Abin da ya ɗora ni a kai shi ne wasa bakin sukundireba. Kowane sukuru da tsagarsa, in ji shi, dole bakin ya cika tsagar tam, ba ya rawa. "Wanda ya cinye kan sukuru," yakan ce, "ya rubuta sunansa a jikin bindigar mutane, kuma ba sunan kirki ba."

Ranar da ya fara shigar da ni bayan labule, wani Badawi, Balaraben jeji, ya zo daga bayan dutsen Uhud da bindiga naɗe cikin bargo. Ya rantse da Allah babu komai a cikinta, da hannunsa ya sauke harsashin tun da asuba. Mu'allim ya ce, "Na yarda da kai, ya shehu." Ya juya bakinta ga bango, ya ja sakata, sai ga harsashi ya faɗo kan tebur yana gangarawa. Badawin ya yi tsuru-tsuru. Mu'allim ya zuba masa gahawa, ya tambaye shi lafiyar raƙuma. Sai bayan mutumin ya tafi ya kama ɗan yatsana ya cusa a ɗakin harsashi. Ya ce, "Ido na ruɗuwa, baki na mantuwa. Sai wannan ya ce babu, sannan babu."

Kayan da kuke gani a bangon nan rabinsu nasa ne, Allah ya jiƙansa. Wannan sandar tagullar da ita ake tura ƙusa, don tagulla ta fi ƙarfe laushi, ba ta barin tabo. Ga ƙaramar guduma, ga magagari iri-iri, ga farin dutsen wasi da ake goge ƙarfe da shi har ya yi santsi kamar ƙwai. Ma'aunin ja ne kaɗai na zamani. Shi Mu'allim da gwangwani da yashi yake auna nauyin kunama. Sai ɗan tandun kwallin can da kuke ta tsokanata kuna cewa na Hajiya ne na sato. Na aiki ne, za ku ji amfaninsa.

Masu kawo aiki kuwa sun canza a idona. Da makiyaya ne da mafarauta. Daga baya doka ta tsananta, farauta ta ragu, kowace bindiga sai da ruhusa, wato lasisi, shago ma sai da ruhusa, kuma ni ban taɓa ganin laifin hakan ba. Sai aka koma zuwa nadi, filin koyon harbi, inda ake harbin takarda. Mai harbin takarda kuwa ya fi mafarauci tsirfa. Shi ne zai ce maka kunamar da kamfani ya sa ta yi masa nauyi, ya aika a kawo masa wata ta musamman daga waje, a cikin ɗan kwali mai kyau, ya zo ya ce ka sa masa.

Shekarar korona ce ta fi kowace shekara muni a wurina. Aka rufe shaguna, aka rufe nadi, titin Ƙuba da ba ya rabuwa da motocin baƙi ya koma fayau. Na koma gida ina gyara wa maƙwabta makullan ƙofa da injin niƙa gahawa, ana ajiye mini a bakin ƙofa ana tafiya. Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. A cikin wannan zaman ne Yaya Sale yake kirana a waya, bini-bini, ya tambaye ni wane mai ya fi dacewa da sakata, ko zafi na lalata itacen bindiga. Tambayoyin da ya san amsarsu tun ina wasa bakin sukundireba. Na gane so yake kada in manta ni mai sana'a ne.

Yaya Sale ba ɗan'uwana ba ne na jini. Lungu ɗaya muka tashi a Ƙuba, kusa da tsofaffin gonakin dabino, ya girme ni sosai, shi ke raba mu faɗa muna yara. Ya yi aikin soja, shekara da shekaru yana koya wa kurata harbi, da ya yi ritaya ya sayi bindiga mai sakata, mai itacen goro na Turai, ya yi mata ruhusa. Ban taɓa ganin bindigar da aka kula da ita kamar wannan ba.

Da aka buɗe shaguna, shi ne mutum na farko da ya shigo. Ya ce in wanke masa ita. Na duba, babu ko ƙwayar ƙura. Na zuba masa shayi na ajiye a gabansa, sai na ga ya miƙa hannu yana laluben tebur, ya wuce kofin ta gefe, ya dawo a hankali har yatsunsa suka taɓa shi. Na ɗaga kai na dube shi.

"Suga ce, Isa," in ji shi. "Ta cinye idon hagu, tana kan na dama. Wanke bindigar kawai, kar ka ce komai."

Na wanke ta.

'Ya'yansa maza babu wanda ya damu da bindiga. Wani na Jidda, wani ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali. Autarsa Safiyya, wadda ke aiki a sashen magani na wani asibiti, ita ta zama idonsa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata. Ita ke tuƙa shi zuwa nadi ranar hutu, ya zauna a benci yana sauraron harbin mutane, don ya ce zaman gida na kashe shi. Tana jiransa tana jiransa, har wata rana ta shiga ɓangaren mata ta gwada. Ashe abin a jini yake. Kafin a ce haka ta yi rajista, shi kuma ya bi hanyar hukuma ya mayar da ruhusar bindigarsa da sunanta.

Wata la'asar suka shigo tare, tana rataye da jakar bindiga, shi yana dafe da kafaɗarta. Ta zaunar da shi, ta gaishe ni, ta nuna mini takardar ruhusa tun ban tambaya ba, sannan ta ajiye ɗan kwali a kan tebur. Da Larabci ta yi maganarta, kamar yadda kuke yi, amma da Hausa zan faɗa muku. Ammu take ce mini, wato baffa.

"Ammu Isa, akwai gasar mata a nadi wata mai zuwa. Kunamar nan ta fi ƙarfin yatsana. Kafin ta saki, hannuna ya gaji, bakin bindigar ya karkace, duk harbina dama yake tafiya. Na sayo wannan, ka sa mini."

Na zare sakata, na duba, na sa yatsa, sannan na mayar na auna. Ta yi gaskiya. Tsohuwar kunamar ta soja ce, sai ka ja kamar kana ɗaga guga daga rijiya. Yatsan Yaya Sale ya saba da ita, na yarinya kuwa bai kai rabin nasa ba.

Na ce, "Yaya, ka yarda?"

"Bindigarta ce yanzu," in ji shi, yana fuskantar bango.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya ce, "Kunamar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, Isa. Na san inda take saki kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Amma yatsana ba zai shiga gasa ba. Sa mata. Sai dai a gabana za ka yi."

Ni ba na barin mai kaya ya tsaya a kaina ina aiki, tun Mu'allim Bukar haka dokar take. Ranar na karya ta. Na ja masa kujera har bakin tebur.

Na kwance sukurorin da ke haɗa ƙarfe da itace, na ɗaga ƙarfen na ɗaure shi a matsi da fata a tsakani. Duk abin da na taɓa sai ya faɗi sunansa daga jin ƙararsa. "Na gaba ke nan. Na baya ke nan, shi ne mai taurin kai." Na tura ƙusoshin nan biyu da kuke ta magana, na tare ɗan sifirin da ke ƙarƙashi da babban yatsa, don idan ya yi tsalle sai ka wuni a durƙushe kana nemansa. Tsohuwa ta fita, sabuwa ta shiga, ƙusoshi suka koma. Har nan bidiyonku ya tsaya.

Da na zo mayar da ƙarfe cikin itace, ya ƙi zama. Gidan sabuwar kunamar ya fi na tsohuwar faɗi, kuma hannun aman ɗinta, wato makullin da ke hana bindiga tashi, yana gogar itace. Mai gaggawa zai danna da ƙarfi ya ɗaure sukuru, a waje komai ya yi kyau, a ciki kuwa itace na danne aman, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi kamawa.

Na ce, "Yaya, sai an sassaƙe itacen ta ciki."

Safiyya ta dubi ubanta. Ta san yadda yake shafa wa itacen nan mai da tafin hannunsa. Ta ce, "A bari, Abuya. Zan mayar musu da kayansu. Zan saba da tsohuwar."

Ya miƙo hannu, na ɗora masa itacen a cinya. Ya bi shi da yatsu tun daga gindi har wuya, ya sa ɗan yatsa cikin ramin kunama yana lalubawa.

"Itace ne, Uwata," in ji shi. "Ba ƙashin bayana ba ne." Ya miƙo mini. "Ka cire daidai abin da ya hana ta zama. Kar ka ƙara."

A nan kwalli ya yi amfani. Na kwaɓa shi da ɗigon mai, na shafa a jikin sabuwar kunamar, na saukar da ƙarfen cikin itace a hankali, na ɗaga. Duk inda ƙarfe ya taɓa, baƙi ya fito. Wurin baƙin kaɗai nake kankarewa da ƙaramar wuƙar sassaƙa, siriri kamar ɓawon albasa. In sake shafawa, in sake saukarwa, in sake kankarewa. Ba a gaggawa a nan, don itacen da ka cire ba ya komawa. Duk lokacin da wuƙar ta ci, sai in ga muƙamuƙin Yaya Sale ya motsa. Aka kira Magariba ban gama ba. Muka rufe shago, na ce su dawo gobe.

Washegari da hantsi suka dawo, ranar ba ta da aiki. Na ƙarasa sassaƙar, na shafe wurin da mai don kada danshi ya shiga, ƙarfe ya zauna daram, aman yana kai da komowa ba abin da ya tare shi. Saura saiti. Irin wannan kunamar tana da ƙananan sukurori: wani na nauyin ja, wani na yawan kamun leɓen nan da na gaya muku.

"Ka sassauta ta iyakar sassautawa, Ammu," in ji Safiyya. "Na karanta cewa manyan 'yan gasa da numfashi ma suke harbi."

Na ce, "Bari mu ga abin da ita bindigar za ta ce."

Na sassauta kamar yadda take so. Ta gwada, babu harsashi, ta yi murmushi har kunne. Ta ce ko taɓawa ba ta gama yi ba ta saki. Na karɓa na ce saura jarrabawa. Na ɗana sakata da ƙarfi, kamar mai fushi. Allura ta tsaya. Na sa aman, na ja kunama, na saki, na cire aman, ta tsaya. Sannan na ɗana, na riƙe bindigar a tsaye, bakinta sama, na buga gindinta a kan robar da ke ƙasa, bugu irin na wanda ya yi tuntuɓe.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta karya tsinke ba. Amma Yaya Sale ya miƙe zumbur daga kujera.

"Wa ya taɓa kunamar?"

"Ba wanda ya taɓa, Yaya."

Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin 'yarsa. Ita kuwa ta dafe baki da hannu. Ta san ma'anar ƙarar: da da harsashi a ciki, da ya tafi duk inda bakin ke kallo, kuma a nadi mutane a jere suke, kafaɗa da kafaɗa.

"Wallahi ban sani ba," in ji ta.

Na ce, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Ba laifin kunamar ba ne ma. Kowace bindiga da iyakarta, kuma ba a rubuce take a jikin kwali ba. Don haka ake gwadawa a nan, inda babu abin da zai fita sai ƙas."

Yaya Sale ya lalubi kujera ya zauna. Ya ce, "Uwata, zo nan." Ta durƙusa a gabansa, ya dafa kanta. "Ki riƙe ƙarar nan a kunnenki. Ni na taɓa jinta da harsashi a ciki, a hannun wani yaro da nake koyarwa. Allah ya tsare, ƙasa ya samu. Har yau ina jinta."

Na ƙara kamun leɓe, na ƙara nauyi kaɗan. Na sake bin jarrabawar tun daga farko, na buga gindin a roba har kafaɗata ta gaji, ta gefe, ta tsaye, aman a buɗe, aman a rufe. Allura ba ta motsa ba. Ma'auni ya nuna nauyin bai kai rabin na tsohuwar ba, kuma duk jan da na yi, lamba ɗaya yake ba ni. Na ce aiki ya yi.

"Kawo in ji," in ji Yaya Sale.

Na tabbatar masa babu komai a ciki, shi ma ya tabbatar da kansa. Ya kafa ta a kafaɗa yana zaune, bakinta ga bangon da na nuna masa da hannunsa. Ya ja a hankali. Ya ɗana, ya sake ja. Ya yamutsa fuska.

"Tana jan ƙafa."

"Yaya, ma'auni ya ce lafiya lau."

"Ma'auninka nauyi ya sani. Ni na ce maka kafin ta saki akwai wani ɗan gurza, kamar yashi a cikin takalmi. Yarinyar za ta ji shi ranar gasa, hankalinta ya koma can."

Na ja, ban ji ba. Na sake ja ido a rufe, kamar na ji, kamar ban ji ba. Na ɗauko kwalli na shafa a gefen kunamar, na ja, na kwance ƙarfen da ke kewaye ta. Sai ga ɗan baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba, a gefen tsagar da kunamar ke bi. Tana gogarsa kaɗan. Na bi wurin da magagari mafi laushi, na goge da dutse, na haɗa, na sake jarrabawar gaba ɗaya, don duk abin da ka kwance ka mayar, sabon aiki ne. Na miƙa masa.

Ya ja. Ya sake ja.

"Yanzu ta yi," in ji shi. "Kamar a karya ƙanƙara. Uwata, zo ki ji."

Ta karɓa. Ya sa yatsunsa biyu a kan tsintsiyar hannunta. Da ta ja, ya ce, "Kin fizga. Kar ki je wurinta, ki matsa a hankali ki bari ta zo miki." Ta sake. "Yauwa. Haka." Na ɗiga jan farce a kan ƙananan sukurorin saiti don kada girgiza ta kwance su, kuma in wani ya taɓa in gane. Tsohuwar kunamar na naɗe ta a ƙyalle mai mai na ba shi. Ya jefa ta a aljihun rigarsa.

Ni ba na cewa na gama aikin kunama sai na ga ta harba harsashi na gaske. Don haka ranar Asabar da safe na bi su nadi, can bayan kwarin Aƙiƙ, Safiyya na tuƙi. Gasar kuwa, tun kafin ku tambaya, an yi ta daga baya, ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta shiga cikin na gaba-gaba, kuma har yau tana harbi da bindigar. Abin da ya faru ran Asabar ɗin ne nake son ku ji.

Mai kula da filin tsohon ɗalibin Yaya Sale ne tun zamanin soja. Da ya gan shi ya taso da sauri ya sumbaci goshinsa, ya ba mu layi na ƙarshe, babu kowa kusa. Ni na fara harbawa, na ga komai daidai, na ba Safiyya wuri. Ta zauna a benci, ta ɗora bindigar kan buhunan yashi, ta harba biyar a natse. Uban yana bayanta da abin toshe kunne, hannuwansa a kan sandarsa.

"Ina suka faɗa?" in ji shi.

Ta jira aka ba da izini, aka kawo takardar, ta shimfiɗa masa a cinya. Ta kama ɗan yatsansa ta ɗora a kan huda ta farko, ta matsar da shi kaɗan zuwa ta biyu, ta uku. Duk suna manne da juna a tsakiya, babu wadda ta gudu dama. Ya bi su da yatsa, ya koma farko ya sake bi.

"Ma sha Allah," in ji shi. "Ma sha Allah, Uwata." Ya daɗe da takardar a cinyarsa. Can ya ɗaga kai ya kira mai kula da filin da sunansa. "Za ka bar makaho ya harba ɗaya?"

Mutumin ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "A kan buhu, ya ustaz, ni a hagunka, 'yarka a damanka, hannuna a kan bindigar har a saita."

Aka zaunar da shi. Kumatunsa ya samu wurinsa a jikin itacen ba tare da lalube ba. Safiyya ta leƙa madubin saiti, ta gyara buhun, ta sake leƙawa ta gefen kansa. "Sama kaɗan, Abuya. Dama. Tsaya. Nan." Ya ja numfashi, ya saki rabi. Bindiga ta tashi.

"To?"

Ta duba da madubin hange. Na ga ta yi jim, tana shawara da zuciyarta. Sannan ta ce, "Ka kuskure, Abuya. Yashi ka samu."

Ya fashe da dariya. "Da kin ce na samu, da na san kin fara yi mini ƙarya. Na ji ta tafi tun ban shirya ba, yatsana tsohuwar yake nema. A ƙara mini ɗaya."

Aka sake saita shi. Wannan karon ya daɗe, har na ga gumi a goshin mai kula da filin. Yatsansa ya kwanta a kan kunamar kamar mai taɓa fuskar jariri. Ta tashi.

Safiyya ta jira aka kawo takarda. Hudar na can ƙasa, kusa da gefe, amma a cikin zobe take. Ta ɗora yatsansa a kai.

"Tawa ce?"

"Taka ce, Abuya."

Ya gyaɗa kai. Ya zare sakatar da kansa, ya ɗauki bindigar da hannu biyu, ya juya inda take ya miƙa mata. "Karɓi, Uwata. Na gama."

Muka shiga mota. Yana gaba kusa da ita, ni ina baya, takardun biyu a naɗe a hannunsa. Mun wuce kwarin Aƙiƙ, mun shigo gari, har hasumiyoyin masallacin Ƙuba sun fara bayyana, sannan ya yi gyaran murya.

"Isa."

"Na'am, Yaya."

"Ashe duk shekarun nan kokawa nake yi da ƙarfe a banza. Kai da ka san akwai kunama mai daɗi haka, me ya hana ka gaya mini?"

Na ce, "Da na gaya maka, za ka yarda in taɓa ta?"

"Wallahi da na fasa maka kai."

Safiyya ta tuntsire da dariya, ta yi ta yi, har hawaye suka rufe mata ido, dole ta gangara gefen titi ta tsaya. Ya lalubo hannunta a kan sitiyari ya riƙe, muka zauna a nan har ta iya ganin hanya.